Yawuna na zuba a robar gwajin maigidana

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya huɗu, ina soya ƙuli-ƙuli a gida, a wani ƙauye arewa da Kano. Karatuna bai wuce firamare ba. Maigidana manomi ne. Ya taɓa yin tarin fuka, aka ɗora shi kan maganin wata shida, amma da ya ji ƙarfi a wata na uku sai ya ajiye, don damina ta faɗi.

Bayan shekara tarin ya dawo. Malamin asibitin garinmu ya ba ni wata 'yar roba mai murfi, ya ce maigidan ya kakaro majina daga ƙirji ya zuba. Ya ce akwai na'ura a birni da ke duba ta cikin 'yan awoyi, ta faɗi ko tarin ne, ko kuma irin wanda ya daina jin maganin da aka saba. Wani mai babur zai kai robobin gwaji birni ranar Laraba. Maigidana ya ƙi. Ya ce ba ya ba da abin jikinsa a yi ta yawo da shi hannu-hannu, bai san inda zai ƙare ba, har ya tsokane ni wai ko asibitin sun ɗauke ni aiki ne. Ya tafi dashen albasa a fadamar dam ɗin Watari. Ni kuma na ji kunyar mayar da robar ba komai, don malamin ɗan wan babana ne. Na tofa yawuna a ciki, na rufe, na kai.

Sakamako ya dawo ba a ga komai ba. Malamin ya yi hamdala, ya rubuta maganin tari na yau da kullum. Na san ƙirjin wa aka duba, amma na yi shiru.

Bayan wata biyar aka kai maigidana birni yana tarin jini. Da safe suka karɓi majinarsa, kafin la'asar na'urar ta nuna tarin da ba ya jin magani ne. Likitar da ta duba shi ta ce huhun ya riga ya lalace, ta tambayi yadda gwajin farko ya fito lafiya. Na sunkuyar da kai. Sati uku ya ƙara. Allah ya jiƙansa.

Ina cikin takaba na faɗa wa malamin gaskiya. Bai yi min faɗa ba, robobi biyar ya miƙo min, tawa da na yaran. An samu ciwon a jikin babbar 'yata, an fara mata maganin da ya dace, yanzu tana murmurewa.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta duba. 'Yan'uwana mata, in mai ciwo ya ƙi, ku mayar da robar ba komai, ku faɗi ya ƙi. Wannan kunyar ta yini ɗaya ce.