Kasalar Baba

Mutane kan ce kasala idan sun ƙoshi da tuwo, ko azumi ya yi nisa, jiki ya mutu ana ta hamma. Ni kuwa in na ji kalmar, gonar Baffa nake tunawa, wan mahaifina, can bayan Daura ta hanyar Baure.

A wata shekara can baya, Baba ya fara cewa kasala yake ji. Mutumin da kan riga kowa kai ƙarshen kunya ya koma sai ya huta sau biyu. Ya rame, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Duk da haka da Baffa ya kira gayya, ya saɓi hauyarsa ya je, don kada a ce ƙane ya ƙi wansa.

Aka jera ana noma, Baba ya zama na baya. Baffa ya raɗa wa makaɗi magana, sai ganga ta juya kan Baba da zambo, wai ga angon kasala, a kawo masa tabarma. Samari har da faɗuwa don dariya. Baba ya dogara da hauya, ya ce jikinsa ne ya ƙi.

"Kasala ai ba ciwo ba ce," in ji Baffa. "Lalaci ne kawai."

Ciwon suga ne ke damun Baba. Sai bayan girbi aka gano a asibiti, ya riga ya ci ƙarfinsa. Har ya rasu, yaran unguwa na rera zambon nan in ya wuce. Wannan ban yafe ba, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

Bana tsufa ya kama Baffa, 'ya'yansa duk suna Kano, ciyawa ta rufe masa gero. Ya aika a kira ni, don ya san in na yi magana samarin unguwa za su fito. Na same shi kwance a zaure. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce in haɗa masa gayya, shi kasala ta hana shi ko ɗaga hauya.

Na tambayi jiki yadda ya kamata, na gyara zama.

"Baffa, kasala ai ba ciwo ba ce."

Ya dube ni, ya juya fuska bango. Ashe bai manta ba.

Ban haɗa gayyar ba. Ranar kasuwa nakan bi ta gonar a babur, in rage gudu in kalli ciyawar.