Darbejiyar Malam

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka sare darbejiyar Malam.

Shekarun baya wasu mutane suka zo ƙauyenmu, can gefen Toranke, suka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Suka kafa farantan da ke zuƙar rana, ruwa ya zubo, muka rangaɗa guɗa, suka tafi. Ba mu sake ganin ƙeyarsu ba, ba kuma wanda suka koya wa komai. Mu dai tsoronmu ɓarayi, sai aka ɗora mijina, Malam, a kan gadi. Wurin fili ne fetal, rana kamar ta dafa mutum, shi ya sa ya dasa darbejiya dab da farantan don ya samu inuwa. Ni ce ma mai ba ta ruwa.

Malam ya rasu, yara duk suna birni, gida ya yi mini faɗi. Kullum da hantsi sai in ɗauki tabarma in je in zauna inda yake zama. Wallahi har hira nake yi wa bishiyar nan. Mai cewa na zare, shi ya sani.

Ana nan ruwa ya fara ja da baya har ya koma ɗigo. Mata suka koma ɗiba a tafkin da shanu ke sha, yara suka yi ta gudawa. Aka ɗauko mai gyara daga Gaya a babur. Ko jakarsa bai kwance ba ya ɗaga kai ya ce, "Injinku lafiya lau. Bishiyar nan ce ta tare rana."

Mai unguwa ya zo har gida yana sosa ƙeya. "Yaya, kin ji abin da ya ce. Ko rassa aka rage, baɗi za su dawo."

Na ce, "Malam ruwan yake gadi, ba bishiya ba. Ku sare."

Na shige ɗaki, amma duk saran gatari a ƙirjina na ji shi. Washegari maƙwabciyata ta kawo mini ruwan famfo cike da bokiti, garau. Na sha, na yi kukan da ban yi ba tun takaba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka kawo maka ba a koya maka halinsa ba, da hannunka za ka kashe shi, kana ganin gata kake yi masa. Har yau ina zuwa da hantsi, in zauna kan kututturen, cikin rana, ina kallon mata suna cika tulunansu.