Bel ɗin Landirofar Baba

Jiya a cikin tasi na fizgi bel ɗin kujera ya ƙi fitowa, sai surukina marigayi ya faɗo mini a rai.

Shekarar da na auri 'yarsa, sunan garinmu bai ma koma Suleja ba, Baba ya ciro bel guda biyu daga wata matacciyar mota, ya huda ƙarfen tsohuwar Landirofarsa ya ɗaura. Abokansa suka yi ta tsiya, wai ya ɗaure kansa kamar ragon layya.

Wata rana ya ce in raka shi Lambata. Motar na ta warin fetur, ni kuwa kunya ta jiƙa ni da gumi. Na yi ta fizgar bel, ya cije.

"Ja shi a hankali, ɗana," in ji Baba. "Halinsu ɗaya da yarinyar da na ba ka."

Na ja a hankali, ya fito, na ɗaura. Bayan mun wuce garin Gauraka saniya ta faɗo titi. Baba ya taka birki, bel ya cafke ƙirjina, goshina bai kai gilashi ba.

Ya yi dariya. "Ka gani? Ranar tsanani taurin kan nan ne zai riƙe ka."

Har yau tana riƙe da ni. Allah ya haskaka kabarinka, Baba.