Mamacin da Ba a Taɓa Haifa Ba

Ni maɗinkin huluna ne a Kwarbai, kuma na fi shekara ashirin ina shelar rasuwa a unguwarmu. In aka ji muryata a lasifikar masallaci, ba mai tambayar ko gaskiya ne. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Da 'yata ta saya mini babbar waya, aka sa ni a zauren 'yan unguwa na cikin wayar, shela ta koma can. Sai na lura in ɗaurin aure na sanar, mutum uku ke amsawa. In mutuwa ce kuwa, wayar ba ta hutawa har la'asar. Na fara jin daɗin ƙarar nan. Ranar da ba a yi rashi ba sai in ji kamar an manta da ni, in ajiye allura in yi ta leƙa waya. Matata ta ce, "Malam, kai kaɗai na sani mai ɓata rai don kowa ya tashi lafiya."

Wata Talata shirun ya ishe ni. Na naɗi murya na ce wani baƙo ya rasu kusa da Ƙofar Gayan, ba dangi, ana neman kuɗin likkafani. Aka turo, na ci. Har yau ban sani ba, kuɗin nake so ko "Allah ya saka, Baba" da ke ta shigowa.

Bayan kwana biyu saƙon ya dawo mini daga wani zaure. Muryata ce, amma an haɗa ta da hoton wani mai tallan maganin gargajiya daga ƙauye, wai maganinsa baƙon ya sha. Ga abin da na kasa ganewa: raina ya ɓaci da mutumin. Jama'a sun yi ta maimaitawa har na ji kamar na ga gawar. Da hannuna na tura gaba. Matasa suka tare mai maganin da duka, ya rasa ido ɗaya.

Aka bi muryar aka kama ni. A kotu alƙali ya ce, "Baba, ina aka binne mamacin?" Wallahi har na buɗe baki zan kwatanta masa, sannan na tuna. Shekara biyu na yi a gidan yari.

Da na fito na je ƙauyen mai maganin neman gafara. Ya juyo da idon da ke gani ya ce, "Na yafe, Malam. Ni ma da aka kunna mini muryarka, sai da na zauna ina tunanin wa na sayar wa magani ranar."

Na tuba, Allah ya yafe mini. 'Ya'yana, karatuna bai kai in faɗa muku yadda abin nan ke shiga kan mutum ba. Amma in saƙo ya sa jikinku rawar turawa, ku ajiye wayar, ku taka ku je ku gani. Cikin duk waɗanda suka yaɗa muryata, da mutum ɗaya ya zo ya ce in kai shi wurin gawar, da bawan Allah nan yana da idonsa biyu.