Ranar da Aka Mayar da Ni da Zabirata

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma akwai rana guda da ba zan manta ba ko da zan manta sunana: ranar da wani Bafillace ya tare ni da sanda a bakin rugarsa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina matashin wanzami a Kore Mairuwa. Na gaji zabira daga mahaifina, na kuma gaji ƙafar yawo. Da ranin shekarar nan cutar agana ta shigo mana. Lokotoro, wato likita, ya zo daga Dogon Dutsi ya yi wa mutane lambar rigakafi, amma maganin bai ishi kowa ba. Sai mai gari ya sa aka yi shela: ba kasuwa, ba biki, kowa ya zauna gidansa.

Mutane kuwa suka zauna, kowa da dalilinsa. Tsofaffi sun ce doguwa ce ke zaga gari, kada ka yarda ku yi kiciɓis. 'Yan mata fuskarsu suke ji, don sun ga yadda ciwon ke barin mutum da zanzana. Wasu kuwa bulalar jandarma kawai suke tsoro. Ni duk babu wanda ya kama ni. An yi mini lamba, tabon na nan a damtsena, kuma na riƙa nuna shi kamar wata lambar girma. Kullum da safe sai in rataya zabira in bi ta bayan gidaje, in yi wa wannan aski, in yi wa wancan ƙaho. Matata ta yi faɗa har ta gaji.

Ana haka matar Bafillacen nan, wanda aminina ne, ta haihu a rugarsu, can wajen hanyar Geceme. Tun zamanin kakana gidanmu ke yi musu askin suna, ba a taɓa fashi ba, kuma ban ga dalilin da za a fara a kaina ba. Ranar suna na gama zagayen gari, na kama hanya da hantsi ina ta fito.

Tun daga nesa na hango aminin nawa tsaye a bakin ruga, sanda a gicciye. Mu Arawa da Fulani abokan wasa ne, don haka na ɗauka tsiyar da muka saba ce.

“Kauce, bawana,” na ce, “ubangijinka ya zaka. Ina nonon da anka aje mani?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Tsaya nan, wanzami. Gida nawa kas shiga yau?”

Na lissafa da yatsu, har da alfahari. “Shida.”

“To, gida shida kad ɗauko ma ɗiyana.”

Na naɗe hannun riga na nuna masa tabon. Ya dube shi, ya dubi zabirar, ya ce a hankali, “Kai anka yi ma lamba. Askarka hwa?”

Daga cikin bukka ina jin kukan jaririn, ɗan siriri. Na yi fushi, na ji kunya, na rasa wanda ya fi ƙarfi. Ya turo mini ƙwaryar nono da bakin sanda, ya ce in sha in koma, yaro zai ci sunansa da gashinsa.

Duk hanya ina zaginsa a zuci. Amma da na isa ƙofar gidana, 'yata da ta fara tafiya ta taho da gudu tana miƙo hannu ga zabira, don ta saba wasa da ita. Ita ba a yi mata lamba ba. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta fashe da kuka, ni ma saura kaɗan.

Ranar na tafasa asake, na ƙone tsumman goge su, na wanke jiki kafin in taɓa kowa. Ban sake fita ba sai da ruwa ya sauka. Mazan gari suka tara suma har ba ka gane liman sai ya yi magana, matata kuma ta ce ashe zamana a gida ya fi yawona takura.

Ba a yi mako biyu da ranar sunan ba, ɗaya daga cikin waɗanda na aske a gidaje shidan nan ya kwanta da agana. Shi ya tashi, ƙaramin ɗansa bai tashi ba. Har yau in na tuna cewa da wannan askar zan ɗora wa jariri ɗan kwana bakwai a ka, sai in kama salati.

Abin da na koya shi ne, mai taurin kai irina ba ya zama gida don tsoron abin da zai same shi. Yana zama ne ranar da ya gane cewa shi ne abin tsoron, kuma waɗanda zai kai wa cutar su ne masu murnar ganinsa.