An Fara da Dawowa

"Ni dai na gaya muku, dole ya dawo."

"Waƙar ba ta ce ya dawo ba. Saurari baitin ƙarshe, jira kawai ake yi."

"Waƙar ce za ta ba mu maki ko Malam? Ya ce labari hawa uku ne: ana zaune lafiya, abu ya ɓaci, sannan a samu sabon zama. In bai dawo ba, ina sabon zaman?"

"Ku fara sauke ƙafa daga kan yadin mutane tukuna."

Wanda ya yi maganar ƙarshen nan Kawu Tela ne, mai shagon. Sauran kuwa ɗaliban fim ne da 'yar ƙanwarsa ta kwaso, wadda suke kira Darakta har ta fara amsawa. An ba su aikin bidiyon waƙa, waƙar kuma ta wani uba ce da ɗansa ya tafi. Suna neman ɗaki mai ƙofa ɗaya da tsoho mai fuskar haƙuri, ita ce ta ce tana da duka biyun.

Kawu ya shiga shagon nan gashinsa baƙi wuluk, yanzu awo ma sai da tabarau. Ba shi da yawan magana, don kusan kullum akwai allura a bakinsa. Kekunan ɗinki biyu ne a shagon. Ɗaya nasa. Ɗayan yana jikin taga, an rufe shi da tsohon zane, na ɗansa ne da unguwa ke kira Ƙaramin Tela. Ya tafi aiki wata masana'antar tufafi mai nisa. Da farko yana kira, daga baya ya koma saƙo, daga nan sai wata mata a waya ta riƙa cewa lambar a kashe take. Kawu bai taɓa zancen da kowa ba. Yana dai ɗiga wa keken mai, ya juya shi da hannu, ya mayar da zanen.

Darakta ta san wannan duka. Shi ya sa da ta zo roƙo sai ta yi ta kame-kame.

"Kawu, in zai dame ka, mu nemi wani wurin."

"A ƙarshen ya dawo ko bai dawo ba?"

"Mun yanke ya dawo."

"To ku zo."

Wanda zai fito a ɗan, wani ne da suke kira Dogo, ko zare bai iya zurawa a allura ba. Kawu ya zaunar da shi yana koya masa taka keke.

"A hankali, ɗan nan. Ba mota kake tuƙawa ba. Wannan ƙafar taka ai sai ta karya mini ƙarfe."

Ranar ɗauka suka zo da safe da kyamarar makaranta, wadda dole a mayar kafin a rufe ofis. Darakta ta ce da dawowa za a fara.

"Bai tafi ba zai dawo?" in ji Kawu.

"A fim ba a bin labari a jere, Kawu. Rana ake bi. Hasken safe ne ke shigowa ta ƙofar nan, shi muke so a bayansa. Daga baya ma jera komai a kwamfuta."

An ce masa ya ci gaba da ɗinki, in inuwa ta faɗo a kan yadin ya ɗaga kai ya miƙe. Shi ke nan aikinsa. Inuwar ta faɗo. Kawu ya ɗaga kai, ya ga mutum tsaye da jaka, haske ya ɓoye fuskar. Bai miƙe ba. Ya zare allurar daga bakinsa.

"Ka ci abinci?"

Mai riƙe da kyamara ya ce a hankali, "Baba, ba sai ka yi magana ba, waƙa za ta rufe."

"A bar shi ya yi," in ji Darakta.

Aka maimaita, aka sake maimaitawa, kowane karo sai ya tambaya. Sannan Dogo ya yaye zanen ya zauna, kekuna biyu suka ɗauka tare. Mai gyaran waya na maƙwabta ya leƙo da sauri yana zaton Ƙaramin Tela ne, da ya ga baƙuwar fuska sai ya koma.

Da rana aka ɗauki zaman lafiya, uba da ɗa suna gardamar awon hannun riga. Aka ɗauki jira, wanda ba a buƙaci koya wa Kawu ba. Da rana ta juya shagon ya fara duhu, sai aka zo kan tafiya. Dogo ya mayar da zanen a kan keke, ya saɓi jaka, ya fita bai waiwayo ba. Sau ɗaya aka ɗauka.

"Ya yi," in ji Darakta. "Mun gama."

Suka hau naɗe wayoyi suna murna, suna cewa hawa ukun Malam sun cika, sabon zama ya zauna daram. Dogo yana waje yana shan ruwa, jakar na rataye a kafaɗarsa. Kawu yana kallon zanen. An rufe keken a karkace, kamar yadda mai shi ya saba rufewa in yana sauri.

"Darakta," ya ce. Bai taɓa kiranta haka ba, sai ta juyo. "In da sauran caji, a maimaita mini na safen nan. Ko babu ma, ki ce masa ya shigo."