Zaren da Idirisu Ya Ɗaura wa Hamman

A unguwar New Bell ta birnin Duwala kowa ya san Idirisu da Idi Mai Fatsa, ko da yake rabin rayuwarsa a wani kamfanin yankan katako ya yi ta, can unguwar Bassa, yana tura gungume bakin zarto. A unguwar aka haife shi, cikin wani gidan katako da ruwan damina ke shiga ta ƙasa kafin ya shiga ta sama. Mahaifinsa mutumin Yawuri ne, fataucin goro ya kawo shi Duwala, ya ga kogi ya ƙi komawa. Bai bar wa ɗansa gida ba, na haya ne, bai kuma bar masa rumfa a kasuwa ba. Abin da ya bar masa shi ne iya ɗaura ƙugiya, kuma Idirisu ya riƙe wannan gadon fiye da yadda wasu ke riƙe filin ubansu.

Da shekarun kiriz suka zo, wato lokacin matsin tattalin arziki, kamfanin ya fara rage albashi, ya koma rage mutane, daga ƙarshe aka sa wa ƙofar kwaɗo. Kafin nan matarsa ta riga ta rasu. Ɗansa ya bi jirgin ruwa zuwa Gabon, tun ana jin labarinsa har aka daina. 'Yarsa Rakiyatu tana aure a Bonamoussadi, tana aikin ofis, takan zo ranar sallah da 'ya'yanta masu gaishe da kakansu da Faransanci. Majalisar da yake zama a ƙofar tela ma ta watse: wannan ya koma Kano, wancan ya koma Garwa, wani kuma an kai shi makwancinsa. Idirisu ya wayi gari cikin unguwar da ta fi ko'ina cika a Duwala ba shi da wanda zai ce masa ya ka kwana da gaske. Fatsar da a da wasan ranar Lahadi ce ta zama ita ce cefanensa.

Sai ka ga yadda yake shirya ta za ka san ba wasa yake ba. Akwai dogon zare mai kauri, naɗe a jikin guntun katako, wanda yake kira uwa. A ƙarshensa yake ƙulla dalma, sannan ya ƙara guntun zare kamar kamu biyu, wanda ke riƙe da ƙugiya. Wannan guntun mahaifinsa ya kira wuya, shi ma haka yake kiransa. Ƙa'idar ita ce wuya kada ya kai uwa ƙarfi, don in ƙugiya ta maƙale a saiwar itace, wuyan ne zai tsinke, ka yi asarar ƙugiya ɗaya ka koma gida da zarenka. Amma kowane kifi da wuyansa. Karfasa tana da ido, sai siririn nailan fari wanda ba ya nuna kansa a ruwa. Tarwaɗa ba ruwanta, ko zaren da ya zare daga tsohuwar taya ya ɗaura mata za ta haɗiya. Babban kifi mai goga zare da baki kuwa, nailan mai kauri yake so, ko silin wayar birkin keke. Wanda ya ɗaura siriri ya ce babba yake jira, Idirisu kan ce ciyar da kifi ya zo yi.

A bakin kogin Wuri ya haɗu da Hamman, wani dattijon Bafillace daga wani ƙauye da ke bayan Banyo. Gadi Hamman ya yi a wani magazan na ajiye kaya a Bassa tun yana da baƙin gashi, shi ma kiriz ta sallame shi, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Idirisu ya tarar da shi zaune a kan tsohon kwalekwale yana fama da zare da ramin ƙugiya, yana zurawa yana kuskurewa.

"Bafillace da fatsa?" in ji Idirisu. "Wannan ƙullin naka ai na ɗaure maraƙi ne."

"To maraƙin ya ƙare, Malam," Hamman ya ce yana dariya. "Abin da ya rage shi nake ɗaurewa."

Idirisu ya karɓa ya warware, ya ƙulla masa sabo. Daga ranar ba su sake zuwa kogi daban-daban ba. Bayan sallar asuba Idirisu zai biya ta ɗakin Hamman, su taka tare, Hamman riƙe da gefen rigarsa in za su tsallaka titi. Idirisu ke ɗaura wuya, shi ke soka jatan lande a ƙugiya, Hamman ya jefa ya riƙe zare a yatsa. Ba su cika magana ba. Wani lokaci ruwa ya cika har ya janye ba wanda ya ce uffan, sai dai goro ɗaya a raba biyu. Amma Idirisu ya lura ya daina yi wa tukunyarsa magana in yana dafa abinci.

Hamman yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita. Yana da ƙanwa, Hadija, ita kaɗai ta rage masa a cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Ranar da zai baro gida yana saurayi, ta ce ya kawo mata kifin teku, irin wanda ake cewa ya kai mutum tsawo, don a garinsu kifi sai ɗan na rafi. Ya ce ta sa ido. Shekaru suka shuɗe, bai tara komai ba, kunya ta hana shi komawa.

"Ba zan shiga gida hannu rabbana ba, Malam Idi," yakan ce. "Shanu ban kawo ba, turmin atamfa ban kawo ba. To ko kapiten ɗaya, in banda shi in sa a buhu. Ranar da na kama shi, Juma'a ba za ta same ni a Duwala ba."

Kapiten shi ne abin da mutanen Duwala ke kiran giwan ruwa. Idirisu yakan yi murmushi kawai, don a ganinsa wannan irin maganar tsofaffi ce da ake yi don a ji daɗin baki.

Sai wata safiya ruwa na cikowa, zare ya fizge a hannun Hamman har ya yanka masa yatsa. Ya miƙe yana kiran sunan Allah, zaren na gudu, can gaba wani farin baya ya juya a kan ruwa, faɗinsa kamar faifai. Sannan komai ya saki. Da suka janyo, dalma na nan, wuya ya tsinke. Wannan ba laifin kowa ba ne, wuyan karfasa ne a kai, karfasa suka zo nema.

Hamman ya zauna, fuskarsa kamar ta yaro. "Ka gani? Yana nan. Da ya fito, da yanzu ina neman mota."

A nan gaban Idirisu ya faɗi. Ya dubi kwalekwalen da suke zama a kai, ya ga yadda zai zama da mutum ɗaya, ya tuna tafiyar asuba ba mai riƙe masa riga. Tsoro ne ya kama shi, tsoron komawa yadda yake a da. Washegari ya buɗe gwangwanin kayansa, ga nailan mai kauri, ga wayar birki, yatsunsa suka wuce su suka ɗauko siririn. Bai tsaya nan ba, har wani tsoho da rana ta cinye ya zaɓa, wanda da haƙori ɗaya za ka raba shi.

"Ka sa mai ƙarfi ko?" Hamman ya tambaya.

"Na sa wanda ya dace," in ji Idirisu.

Na san za a ce mugunta ce, ni ma ban ce ba ita ba ce. Sai dai mugun da ke raba wa mutum kifinsa kullum, ya ba shi manyan ya riƙe ƙananan, ya dafa masa ruwan zafi ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, a nemo masa wani suna. Idirisu yana gaya wa kansa zuwa bayan sallah ne kawai, sannan ya ce zuwa ƙarshen rani. A tsakanin nan kifin ya sake ɗauka, ya sake tafiya da ƙugiya, ya kuma sakewa. Kowane karo Hamman ya shafa guntun da ya rage, ya ce, "Allah bai yi ba," Idirisu ya amsa da "Sai haƙuri" yana duban wani wuri. Ba a taɓa jin Hamman ya ce a ba shi wuyan ya taɓa kafin a jefa ba. Ya yarda da hannun abokinsa fiye da nasa, kuma wannan yardar ce ta fi ci wa Idirisu rai.

Ana cikin haka wani direban motar shanu, ɗan garin su Hamman, ya zo har ɗaki ya ce Hadija na kwance, ƙafafunta sun kumbura, kuma tana yawan tambayar yayanta. Idirisu na wurin aka faɗa. Ya fita bai yi sallama ba, ya tafi gida ya zazzage gwangwaninsa a tabarma. Ya tsefe wayar birki ya zaɓi sili mai kyau, ya haɗa da nailan mafi kauri da yake da shi, ya ɗauko babbar ƙugiyar da ya daɗe yana ɓoyo, ya yi ƙulli ya gwada shi da ƙafa da hannu biyu. Tun da yake bai taɓa ɗaura wuya mai kyan wannan ba. Washegari ya ƙulla shi a zaren Hamman.

Amma kogi ba ya jiran mutum ya shiryu. A makon nan damina ta sauka irin ta Duwala, wadda ba ta san a ɗan dakata ba. Wuri ya yi ja da laka, ya cika da rassa da shara, babban kifi ya koma can bakin teku inda sai mai kwalekwalen inji ke zuwa. Suka riƙa zama cikin ruwan sama, buhu ɗaya a kansu, zare ba ko motsi.

"Hamman, ka tafi haka nan," Idirisu ya ce wata rana. "Kai take son gani, ba kifi ba."

"Ka bari ruwa ya ɗan washe. Sau nawa ya zo hannuna? Saura kaɗan."

"In don kifi ne mu je kasuwar kifi ta Yupwe mu nemo wurin masu jirgi."

"Da me? Kuma in ce mata ni na kama?" Hamman ya girgiza kai. "Ƙarya ba ta cikin tsarabata, Malam Idi."

Ruwa bai washe ba sai da direban ya sake dawowa. Wannan karon bai zauna ba, a tsaye ya yi ta'aziyya. Hadija ta rasu, har an yi sadakar uku. Hamman bai yi kuka a gaban mutane ba, ya dai ce zai bi motar in za ta koma, ya ga 'ya'yanta, ya kuma zauna can, don ba abin da ya rage yana jira a Duwala.

Idirisu ya raka shi inda motocin shanu ke tsayawa bayan sun sauke kaya. Duk abin da Hamman ya mallaka bai cika buhu ɗaya ba. Tun daga gida Idirisu ke jujjuya magana a bakinsa, ya shirya ta tsaf, zai ce ni ne, ni na riƙa ɗaura maka ruɓaɓɓen zare. Da suka tsaya a gindin motar ya buɗe baki, sai Hamman ya riga shi. Ya lalubo hannunsa ya riƙe da hannu biyu.

"Useko, Malam Idi. Na gode. Ba don kai ba, da ko sau ɗaya ban ji nauyinsa a hannuna ba. Ni makaho, wa zai zauna yana ɗaura min ƙugiya? Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ne bai nufa ba." Ya ciro katakon zarensa daga aljihu ya danƙa masa, da wuyan wayar a jiki. "In ya zo maka, ka banda shi ka ba direbobin nan. 'Ya'yanta su ci, su san kawunsu ba ƙarya ya yi wa uwarsu ba."

Idirisu ya karɓa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Yaran mota suka ɗaga Hamman suka zaunar da shi a baya, a kan busasshiyar ciyawa, yana ɗaga hannu wajen da yake zaton abokinsa yake, alhali Idirisu na ɗaya gefen.

Kiriz ta yi sauƙi daga baya, aka buɗe wasu kamfanonin, amma ba mai ɗaukar tsoho. Rakiyatu ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta, ya ce ba zai iya nisa da kogi ba. Masu zuwa bakin Wuri a shekarun nan sun san shi, dattijo shi kaɗai a ƙarshen wani ruɓaɓɓen kwalekwale, yana jefa zare da wuyan waya da ƙatuwar ƙugiya. Matasan masunta kan yi masa dariya, su ce Baba, da wannan wayar ai karfasa tun daga nesa za ta gan ka. Ya fi su sani. Yakan ce musu ya ji, ya sake soka jatan lande ya jefa, in la'asar ta yi ya naɗe zarensa ya koma New Bell ba ko na miya.